Tambayoyi da amsoshi kan gyaran wutar tsohon injin yankan itace na hannu

Injinan yankan itace masu sarƙa da ake aiki da su a Damagaram da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Mirya da Magarya da Matamaye, ba kasafai ake sayensu sababbi a cikin kwali ba. Yawanci sai inji ya ratsa hannu biyu ko uku kafin ya iso ga mai shi na yanzu, kuma kowane hannu yakan bar masa tabo: wani ya ɗaure waya da leda, wani ya sa masa bujin da ba nasa ba, wani kuma ya cire bolan da guduma. Idan irin wannan inji ya ƙi tashi, maganar da ake fara yi ita ce bobin ya mutu, sai a nufi kasuwa a sayo sabo a ɗaura, injin kuma ya ci gaba da yin shiru. An jera tambayoyin nan daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa abin da ke cin kuɗi, domin haka ya kamata binciken ya tafi. Ga wanda ya saba da bakin makanikan Kano, buji shi ne fulogi, bobin shi ne koyil, esanshi kuma shi ne fetur.

Daga ina injin yake samun wuta, alhali ba shi da batir?

Da kansa yake haɗa wutarsa. A ƙarƙashin murfin da igiyar tayarwa take akwai wani faranti mai fikafikai, shi ne bolan, kuma a gefensa an dasa maganaɗisu. Kusa da shi an ɗaure bobin, wanda ba komai ba ne illa siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe a kan ƙarfe mai ƙafafu. Duk lokacin da bolan ya juya, maganaɗisun ya gifta ta gaban ƙafafun bobin, sai wuta ta samu a cikinsa, ya ɗaga ƙarfinta ta haura volt 10,000, ta bi waya mai kauri ta je buji, ta tsallaka ƴar tazarar da ke bakinsa ta kunna haɗin iska da esanshi. Wannan yana faruwa sau ɗaya a kowane zagaye, kuma inji irin Stihl MS 381 yana iya yin zagaye 12,000 a minti guda. Bolan ɗin nan kuma shi ne fankar da ke sanyaya injin, abin da za mu koma kansa idan an zo maganar zafi.

Ta yaya zan gane cewa wuta ce ta ɗauke, ba matsalar mai ba ce?

A kwance buji a duba bakinsa bayan an ja igiya sau biyar ko shida. Idan ya fito a jiƙe yana warin esanshi, mai yana isowa ke nan amma ba ya kamawa, sai zargi ya koma kan wuta, ko kuma injin ya sha mai ya shaƙe. Idan ya fito a bushe ƙarƙar, to mai ne bai iso ba, kuma maganar ta karburata ce ko tiyon mai ko matatar da ke cikin tanki.

Gwajin wuta kuwa ga yadda ake yinsa. A mayar da buji cikin hularsa, a jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen silinda sosai, a tabbatar maɓallin kashewa yana wajen aiki, sannan a ja igiya da ƙarfi irin na tayarwa. A yi wannan a inuwa, domin a hasken ranar Damagaram mutum yana iya rantsewa babu tartsatsi alhali akwai. Tartsatsi mai kyau shuɗi ne, yana ƙara ƙas-ƙas, kuma yana zuwa a kowane ja. Abu biyu ne ba a wasa da su a nan. Na farko, a nisanta buji daga raminsa, a kuma goge duk man da ya zube, saboda tururin da ke fitowa daga ramin yana kamawa. Na biyu, kada a ja igiya hular buji tana reto ba ta taɓa komai ba, domin wutar da ta rasa hanyar fita tana iya komawa ta lalata bobin mai lafiya.

Buji yana ba da tartsatsi a waje, amma injin ya ƙi tashi. Me ke nan?

Tartsatsin waje ba shaida ba ce cikakkiya. A cikin silinda iska a matse take, kuma wuta tana buƙatar ƙarfin da ya fi na waje kafin ta tsallaka tazarar buji. Saboda haka bobin da ya raunana yana iya nuna ɗan tartsatsi ja ko rawaya a waje, ya gaza a ciki. Akwai ƴar na'urar gwaji da ake buɗe bakinta zuwa milimita 6. Bobin mai lafiya yana tsallake wannan tazara. Wanda ba shi da ita yana iya ɗaukar tsohon buji mai kyau ya buɗe bakinsa sosai ya ajiye shi don gwaji kawai.

Idan wutar ta ci wannan jarrabawa, a duba ko injin ya shaƙe da mai. A kashe maɓalli, a cire buji, a buɗe cok, a ja igiya kamar sau goma don man da ya taru ya fita, a busar da buji a mayar. Idan har yanzu shiru, a kwance salansa a leƙa jikin fistan ta ƙofar hayaƙi. Fistan da ya yi zane-zane daga sama zuwa ƙasa ya rasa matsi, kuma babu bobin da zai tayar da injin da ba shi da matsi.

Wane buji ya dace, kuma zan iya sa na babur?

Ba a sa na babur. Bujin ƙananan babura ya sha bamban da na wannan inji a kaurin zare da tsawonsa, kuma wanda ya fi tsawo, idan har ya shiga, yana iya dukan kan fistan. Yawancin tsofaffin injinan Stihl da Husqvarna masu girma, kamar Stihl 038 da MS 381 ko Husqvarna 61 da 272, suna amfani da buji mai zaren milimita 14 gajere, irin NGK BPMR7A ko Bosch WSR6F ko Champion RCJ7Y, da tazarar baki ta milimita 0.5. Injinan Sin da ake kira 5200 da 5800 galibi da L7T suke zuwa. A duba kan buji ma, wato inda hula take kamawa: wasu suna da ɗan noti da ake ɗaurewa, wanda idan ya saki wuta takan yi tsalle a wurin, ta yi rauni, har ta iya jawo gobara. Kamfanin Stihl yana ba da shawarar sauya buji bayan kimanin awa 100 na aiki. A injin hannu da ba a san tarihinsa ba, sauya shi tun ranar da aka saya ya fi.

Me ya sa bujina yake yin baƙi kowane kwana biyu?

Buji ba ya yin baƙi da kansa, abin da ake ba injin ne yake nunawa. Launin ƙasa-ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙi mai maiƙo yana nuna man haɗi ya yi yawa ko ba irin nasa ba ne, baƙi busasshe kamar kunkunniya kuma yana nuna esanshi ya rinjayi iska, sau da yawa saboda matatar iska ta toshe, abin da ke saurin faruwa a lokacin hunturu idan ƙura ta sauko. Fari fat shi ne mafi hatsari, domin yana nuna injin yana aiki da ƙarancin mai, yana ƙuna.

Haɗin da masu ƙera injinan yanzu suka tsara shi ne kashi 1 na man inji mai bugu biyu a cikin kashi 50 na esanshi, wato mililita 20 a lita guda, ko mililita 100 a lita 5. Tsofaffin littattafan wasu injuna sun ce 1 cikin 25, wato mililita 40 a lita. Abin da aka saba gani a nan shi ne a zuba man mota da ido, a ce gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Man mota ba a yi shi don ya ƙone tare da esanshi ba, sai ya bar dauɗa a bakin buji, dauɗar kuma ta zama hanyar da wuta ke zurarewa ba tare da ta yi tartsatsi ba. Esanshin kwalba da ya daɗe a rana, ko wanda ruwa ya shiga, shi ma yana sa a zargi wuta a kan laifin da ba nata ba.

Na sa sabon buji, babu wuta ko kaɗan. Bobin ne ya mutu?

Ba a yanke masa hukunci tukuna. A jikin bobin akwai wata siririyar waya da ke tafiya zuwa maɓallin kashewa. Aikin maɓallin shi ne ya haɗa wannan waya da jikin inji, wutar ta zube, injin ya mutu. Ma'ana, idan fatar wayar ta goge a wani wuri ta taɓa ƙarfe, injin a kashe yake ko da maɓalli yana wajen aiki. A tsohon inji wannan ba abin mamaki ba ne, domin wayar tana bi ta wurin da girgiza take da yawa, zafi kuma ya busar da fatarta har ta tsage. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar: a cire murfin igiya, a zare siririyar wayar daga bobin, a mayar da murfi, a sake gwada tartsatsi. Idan wuta ta dawo, bobin lafiyarsa ƙalau, sai a bi wayar da maɓallin a gyara. Kada a yi aiki da injin wayar tana cire, domin babu yadda za a kashe shi da gaggawa idan sarƙa ta kama abin da bai kamata ba.

Wuri na biyu shi ne cikin hular buji. Akwai ɗan ƙarfe murɗaɗɗe a ciki mai tsini, wanda yake huda waya mai kauri ya taɓa zuciyarta. Yawan fizge hula da ƙarfi yana sa tsinin ya zame, ko tsatsa ta ci shi. Ana zare hular, a yanke ɗan kaɗan daga bakin wayar idan tsawonta ya isa, a sake huda tsakiyarta a mayar. Ita ma wayar mai kauri a bi ta da ido, domin idan ta goge a jikin silinda wuta takan tsallaka daga nan, kuma a cikin duhu ana ganin hakan ƙarara.

Wace tazara ake bari tsakanin bobin da bolan?

Tsakanin milimita 0.2 da 0.3 a yawancin injuna, Husqvarna kuma 0.3 ta saba bayarwa. Idan tazarar ta yi faɗi wuta takan yi rauni, musamman a lokacin tayarwa da bolan ke juyawa a hankali. Idan ta yi kaɗan kuma bolan ya riƙa gugar ƙafafun bobin. Wanda ba shi da ma'aunin tazara yana iya amfani da katin adireshi na takarda, ko ya haɗa fallen farar takardar rubutu uku, tunda kowace tana da kaurin kusan milimita 0.1. Katin banki bai dace ba, kaurinsa ya kai milimita 0.76. A sassauta kusoshin bobin, a juya bolan har maganaɗisu ya fuskanci ƙafafun, a sa takardar a tsakani, a bar maganaɗisu ya jawo bobin ya manne, a ɗaure kusoshi, sannan a zare takardar a juya bolan zagaye guda a ji ko yana taɓawa.

Idan an ga alamar guga a jikin bolan duk da tazarar daidai take, a kama shi a girgiza sama da ƙasa. Motsi a nan yana nufin boris ɗin karanshaf, wato sandar da bolan yake zaune a kanta, ya ci, kuma duk bobin da aka sa zai sake lalacewa har sai an sauya shi.

Maganaɗisun bolan yana mutuwa?

Da wuya. A kusantar da sukundireba, idan ya fizge ta da ƙarfi lafiyarsa lau. Ƴar tsatsar da ke kansa ba ta hana wuta, amma a share ɓarɓashin ƙarfen da ya manne.

Injin yana tashi da safe, bayan minti goma ko ashirin ya mutu, ba ya sake tashi sai ya huce. Mene ne dalili?

Wannan ita ce alamar da ta fi nuna bobin da gaske. Wayar da ke cikinsa tana iya samun ƴar tsaga wadda take haɗuwa idan ya yi sanyi, ta rabu idan zafi ya buɗa ta. Sai dai akwai wasu abubuwa da ke kwaikwayon wannan alama, kamar toshewar ƴar ƙofar iskar tankin mai, ko esanshi da ke tafasa a tiyo a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Hanyar rarrabewa ita ce a riƙe makullin buji a aljihu, da zarar injin ya mutu a gwada tartsatsi nan take, kafin ya huce. Idan babu wuta yana da zafi, ta dawo bayan rabin awa, bobin ne. Idan akwai wuta, a buɗe murfin tanki a saurara. Jin iska ta shiga da sauti yana nuna tankin ne ya kasa numfashi.

Kafin a ɗaura sabo a tambayi abin da ya kashe tsohon. Garin katako da ƙura da mai suna haɗuwa su zama kamar laka a tsakanin fikafikan silinda da ramukan murfin igiya, iskar da bolan ke turawa ta rasa hanya, bobin ya gasu a wurinsa. Mai aikin dogon yaro ko wani itace mai ɗanko ya kamata ya share wuraren nan kowace yamma.

Igiya tana fizge mini hannu, wani lokaci kuma injin ya yi harbi ta salansa. Wuta ce?

Wuta ce, amma lokacinta ne ya kauce. Dole tartsatsi ya zo dab da fistan zai kai ƙololuwa, kuma abin da ke tsare wannan lokaci shi ne wani ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke zaune tsakanin bolan da karanshaf. A wasu injinan an zuba shi ne tare da bolan ɗin. Idan notin bolan bai ɗauru sosai ba, ko sarƙa ta tsaya cak a cikin itace injin yana gudu, ƙarfen yakan yanke, bolan ya zame kaɗan. Tartsatsi yana nan shuɗi mai kyau, amma yana zuwa kafin lokaci ko bayansa.

Cire bolan yana son haƙuri. A cusa igiya mai tsabta ta ramin buji don fistan ya tsaya, a kwance noti, sannan a yi amfani da abin jan bolan. Dukan kan karanshaf da guduma kai tsaye yana lalata zare, yana kuma raunana boris, kuma injinan hannu da yawa a nan suka samu ciwon da ke damunsu. Wajen mayarwa a goge mazaunin bolan ya bushe sarai, babu mai babu giris, domin matsewar wurin ce take riƙe shi, ɗan ƙarfen jagora ne kawai.

Injina tsoho ne ƙwarai, an ce mai filatin ne. Yana gyaruwa?

Yana gyaruwa, har ma ya fi na zamani sauƙi ga mai haƙuri. Kafin bobin mai lantarki ya zama ruwan dare, injuna irin tsofaffin Stihl 070 da 090 suna da wasu ƙananan ƙarafa biyu a bayan bolan, masu buɗewa da rufewa, su ne filatin, tare da kondansa. Bakinsu yakan yi datti ko ya ƙone. A goge shi da lallausar samfefa, a ratsa farar takarda a tsakani har ta fito fes, a daidaita buɗewarsu wajen milimita 0.35 zuwa 0.4. Idan bakin ya yi ramuka ya yi baƙi, kondansa ne ya gaji, sai a sauya su tare. Mai a wurin kuwa yana nuna robar da ke tare mai a karanshaf ta sake, kuma in ba a sauya ta ba filatin zai sake ɓaci cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma ɗan akwatin lantarki da ake sawa a madadin filatin da kondansa gaba ɗaya, wanda ke raba mutum da wannan hidima.

Mitar awon lantarki ta hannu tana iya nuna mini ko bobin ya mutu?

Rabin labari take bayarwa. Tana nuna ko wayar kashewa ta taɓa jiki, tana kuma nuna ko hanyar da ta tashi daga hular buji zuwa ƙarfen bobin ta yanke, inda mai lafiya yakan nuna ohm dubu kaɗan. Amma sassan lantarkin da aka rufe a cikin bobin na zamani ba sa aunuwa da ita, don haka yana iya nuna daidai a mita alhali matacce ne. Ɗaura wani bobin da aka san yana aiki, ko na aro ne, ya fi kowane awo.

Idan ya tabbata bobin ne, wanne zan saya?

A tafi da tsohon a hannu, a gwada ramukan kusoshi da siffar ƙafafu da tsawon waya, a kuma duba lambar da ke jikinsa. Inji mai suna ɗaya yana iya zuwa da bobin iri biyu ko uku gwargwadon shekarar da aka ƙera shi, kuma kowane iri da bolan ɗin da ya dace da shi. Wanda ya zauna daram amma ba na wannan bolan ba yana iya ba da wuta a lokacin da ba daidai ba. A kuma fara tabbatar da ko injin kansa na asali ne, domin akwai kwaikwayon 070 da 381 da yawa da ake yi a Sin, masu launi ɗaya da na asali na Stihl. Bobin ɗan Sin yana da araha kuma wani yakan yi aiki shekara da shekaru, wani kuma ya mutu a mako guda, saboda haka a nemi sharaɗin mayarwa, a kuma gwada shi injin yana da zafi kafin a tafi daji da shi. A ra'ayinmu, tsohon bobin na asali da aka ciro daga injin da fistansa ya lalace sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Injinan baya-bayan nan masu M-Tronic ko AutoTune kuwa lantarki ne ke sarrafa karburatarsu, gyaransu kuma yakan buƙaci na'urar wakilin kamfani.

Zan sayi na hannu. Me zan duba game da wuta kafin in biya?

A nemi a same shi da sanyi, a taɓa silinda a tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba, domin mai sayarwa yakan tayar da shi kafin mai saye ya iso. A ɗaga injin da igiyar tayarwa: idan ya zube ƙasa da sauri matsinsa ya tafi, idan ya sauka a hankali yana tsayawa da sauransa. A sa a cire murfin igiya a ga bolan, ko fiffike ya karye, ko akwai sawun guduma a kan noti, ko an naɗe waya da leda. Sannan a tayar da shi a yanka kututture na tsawon minti goma sha biyar aƙalla, a kashe shi da maɓallinsa, ba da cok ba, a jira minti biyu a sake ja. Idan ya tashi a ja ɗaya ko biyu yana da zafi, wutarsa ta wuce gwajin da ya fi wuya. Idan mai shi ya ce babu mai ko babu itacen gwaji, a sayo lita guda a haɗa, a nemo kututturen.